Ciki ɗaya, ledar magani huɗu: wanne za a fara da shi?

Ummu_Hafsa_Gadarif
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan matar ƙanena, don Allah wanda ya sani ya taimaka. Sun baro Madani tun da garin ya faɗi a yaƙin nan na Sudan a Disamban 2023, suna wurinmu a Gadarif. Shi ya koma duba gida, ita ya bar ta nan. Cikinta wata bakwai, na biyar ke nan, shekarunta 34. A wurin awo an ce jininta ya yi ƙasa, 8 aka rubuta a kati. Rannan aka auna hawan jini aka samu 150 bisa 95. Tun saukar damina maleriya ta kayar da ita sau biyu. Shekaranjiya kuma wani ɗakin gwaji ya ce suganta ya ɗan hau, ta dawo da safe ba ta ci komai ba a sake. Yanzu leda huɗu ce a ƙarƙashin filonta, kowacce daga wuri daban, kuma babu wanda ya rubuta ɗaya da ya ga sauran ukun. Innarmu ta ce magani ya yi yawa, zai dafa yaron a ciki, a zaɓi guda a bar sauran sai ta sauka. Ita kuma baiwar Allah kunya ba za ta bar ta ta yi musu da uwar miji ba. To a cikin huɗun nan wanne ya fi gaggawa? Kuma ana haɗa su duka a sha?

MaiAgashe_Kassala
Wa alaikumus salam. Allah ya raba lafiya. Mu nan sai addu'a, masana su zo su yi bayani.

Goggo_Maiwurno
'Yata, maganar innarku ba ta faɗi ƙasa ba. Ni tara na haifa, ban taɓa haɗiyar ƙwaya huɗu a rana ɗaya ba. Ku dafa mata zogale da rama, a samo hanta ko kaɗan ce, ta riƙa cin dabino da safe, jini zai dawo. Hawan jinin kuma zoɓo mai sanyi ba sukari. Kumburin ƙafa ba abin tsoro ba ne, kowace mai ciki tana yi.

Ungozoma_Sinja
Goggo, Allah ya ƙara girma, zogale da hanta ban ƙi ba, amma a wannan karon ba za su isa ba. Ummu Hafsa, ba a zaɓen ɗaya a bar uku. In kuwa gaggawa kike tambaya, hawan jinin ne, don shi ne wanda zai iya juyewa a dare ɗaya. Duk mai cikin da ta wuce sati 20 aka same ta da 140 bisa 90 ko sama, dole a duba fitsarinta ko akwai furotin. An duba? In ba a duba ba gobe da sassafe ku je, ɗan tsinken gwaji ne ake tsomawa, minti ɗaya an gama. Sannan ki tambaye ta yau ɗin nan, ke da ita a ɗaki ba gaban inna ba: tana ciwon kai mai nacin da ba ya jin farasitamol? Tana ganin wuta-wuta ko hazo? Akwai ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama? Fuska da yatsu sun kumbura, zobe ya matse? Motsin yaro ya ragu? Ko guda ɗaya ta ce e, kada ku jira gari ya waye. Haka in awo ya kai 160 bisa 110. Jijjiga ba ta sallama. Kumburin ƙafa kaɗai, Goggo ta yi gaskiya, da yawa suna yi. Na fuska da hannu shi ne muke gudu.

Ummu_Hafsa_Gadarif
Ba a duba fitsarin ba. Wanda ya auna ta mai shagon magani ne. Na tambaye ta yanzu, ta ce ciwon kai yana zuwa da yamma ya tafi, idonta lafiya, yaro yana motsi.

Ungozoma_Sinja
To gobe in Allah ya kai mu. Ku kwashe ledojin nan huɗu gaba ɗaya, har da jiƙe-jiƙen gida in akwai, ku zube su a teburin likitan mata guda ɗaya. Kada ki karanta masa suna da ka, ki kai masa kwalin ya gani da idonsa.

Likita_a_Jidda
Na goyi bayan Ungozoma a kan komai. Abin da zan ƙara shi ne, huɗun nan ba baƙin juna ba ne. Maleriya tana fasa jajayen ƙwayoyin jini, shi ya sa jinin da dama bai cika ba ya ƙara sauka. Tana kuma maƙalewa a mahaifa, wani lokaci gwajin yatsa ya nuna babu alhali tana can tana rage wa yaro abinci. Hawan jini shi ma hanyar abincin yaron yake matsewa, kin ga abu biyu ke nan a kan jariri ɗaya. Suga a ciki yana ƙara haɗarin hawan jinin. Ƙarancin jini kuma yana sa zuciya gudu fiye da ƙima, ga hawan jini ya riga ya ɗora mata kaya. Ranar haihuwa, jinin da mai 12 za ta zubar ta tashi ta yi wanka, shi mai 8 za ta zubar ta suma.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran ƙasa da 11 ƙarancin jini ga mai ciki, ƙasa da 7 mai tsanani. Takwas a wata na bakwai lokaci ya ƙure wa ƙwaya ita kaɗai, likita zai iya ganin a yi mata ƙarin sinadarin ƙarfe ta jijiya in akwai. Kuma tunda daga Jazira ta fito, jihar da Madani take, a duba tsargiya da tsutsar ciki. Duk wanda ya tashi yana wanki da wanka a magudanan ruwan gonakin Jazira ya san zancen. Ana ba mai ciki maganinsu bayan wata ukun farko.

Magungunan su ma suna taka juna. Kinin yana faɗar da suga, in aka ba wadda take kan allurar insulin ba a sani ba, ana iya rasa ta. Allurar da ake yi don huhun bakwaini ya nuna tana tayar da suga. Akwai allurar tsayar da jini bayan haihuwa, ergometrine, da ba a yi wa mai hawan jini. Kowane ɗaya daidai ne a wurinsa, haɗuwarsu a jiki ɗaya ita ce matsalar.

DanDamazin
Likita ka tsorata mu wallahi. To in haka ne ai maganar inna ta fito, magani ya yi yawa.

Likita_a_Jidda
A'a ɗan uwa, yawansu ba shi ne laifin ba. Maganin ƙarin jini, methyldopa ko nifedipine na hawan jini, da Coartem na maleriya, duk ana ba mai ciki su tare lafiya lau. Laifin shi ne mutum huɗu su rubuta ba wanda ya san da ɗan uwansa.

Bintu_Madani
Ni abin da ya fi ba ni haushi shi ne abinci. A cikina na ƙarshe ina da ƙarancin jini da suga tare. A asibiti, wannan taga a ce ki ci sosai jininki ya hau. Waccan taga a ce rage tuwon asida, rage gurasar kisra, bar dabino, bar shayi mai sukari. Na dawo gida na zauna gaban tire ina kallonsa, ban san me ya rage da zan ci ba. Sai wata tsohuwar ma'aikaciya ce ta zaunar da ni ta ce waken ful da ƙwai da waken adas da ganye su ne nawa, kisra biyu ba biyar ba, in raba cin sau biyar a rana. Goggo, dabinon nan da kika ce, ga mai suga sai da lissafi.

Goggo_Maiwurno
Yau kuma dabino ne ya zama abin gudu? Ikon Allah.

Bintu_Madani
Ba gudu ba Goggo, ƙirgawa. Biyu ko uku, ba cikin tafi ba.

Zahra_Bortsudan
Tunda an taɓo shayi. Ummu Hafsa, da me take haɗiye ƙwayar ƙarin jinin? Don mu nan komai da shayi muke kora shi. Na yi wata uku ina sha kullum bayan karin safe da shayin madara, aka sake gwaji jinin yana nan inda yake. Ashe shayi da jabana, wato gahawa, suna hana ƙarfen shiga jiki, madara ma haka. Aka ce in ba da tazarar awa biyu, in kora da ruwan lemon tsami ko ruwan tabaldi, wato 'ya'yan kuka. Wata na gaba ya motsa.

Ummu_Hafsa_Gadarif
Innalillahi. Da shayi take sha, safe da yamma. Wasu ranakun ma ba ta sha, wai yana sa mata tashin zuciya da baƙin bayan gida, ta ɗauka cuta ce.

Ungozoma_Sinja
Baƙin bayan gida aikin maganin ne, kada ya dame ta. In tashin zuciya ne ta mayar da shi dare kafin ta kwanta. In kuma an ba ta ƙwayar kalsiyam saboda hawan jinin, kada ta haɗa su lokaci guda, ɗaya da safe ɗaya da dare. Ki kuma leƙa ko tana cin ƙasa. Masu ƙarancin jini da yawa suna ɓoye ɗan ƙullin laka ta bakin kogi a gefen gado suna ɗan gutsura, ba za su taɓa faɗa ba sai an gani.

MaiAgashe_Kassala
Wato shayin ma yanzu sai da izinin likita. Mata, Allah ya ba ku lada.

Abu_Sadiq_Rabak
Ku yi haƙuri, ni zan kawo maganar da kowa yake zagayewa. Duk abin da Likita ya lissafa daga Jidda gaskiya ne, amma da kuɗin wa? Gwajin jini daban, na fitsari daban, na suga sai an sayi garin da za a sha, hoton ciki daban, kuɗin raksha, keke mai ƙafa uku, zuwa da dawowa kowane zuwa. Mutumin da ya baro gidansa da kayan jikinsa, yake jiran ɗan uwa ya turo masa wani abu ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, shi ne za a ce ya kai mace awo sau takwas? Mu a Yulin 2022 aka kore mu daga Rusairis, ba mu gama tsayawa ba yaƙin Afrilun 2023 ya zo. Inna da ta ce a zaɓi ɗaya, wataƙila ba jahilci ba ne, aljihun ɗanta take dubawa.

Likita_a_Jidda
Abu Sadiq, ban musa ba, kuma zaman da nake a nan bai sa na manta daga inda na fito ba. Sau takwas ɗin shawarar Hukumar Lafiya ce tun 2016, da can huɗu ne, kuma na san mata da yawa ko huɗun ba sa samu. Amma in kuɗi ya gaza, akwai abin da ake fara saye. Awon hawan jini da tsinken fitsari sun fi komai araha, su ne kuma suka fi ceton rai. Gidan sauro kowane dare. Ƙwayar ƙarin jini. Hoton ciki na uku da na huɗu da wasu ke yi don a ga namiji ne ko mace, shi za a bari.

A 2023 mata kusan 260,000 suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, kusan kashi 70 cikin ɗari a Afirka kudu da Sahara. Zubar jini ne kan gaba, amma kusan ɗaya cikin huɗu ciwon da mace ta shigo ciki da shi ne ko ya same ta a ciki, irin su maleriya, ƙarancin jini, ciwon zuciya, suga. A takarda dalili ɗaya ake rubutawa. Wadda aka rubuta wa zubar jini, sau da yawa maleriyar damina ce ta fara cinye jinin tun wata uku baya.

Abu_Sadiq_Rabak
Wannan lissafin na yarda da shi. Amma ko awon hawan jinin, cibiyar da ke kusa da mu na'urarsu ta lalace tun bara.

Hawwa_Nyala
Mu a unguwarmu mata goma muka haɗa kuɗi kamar adashi muka sayi na'urar mai batir, tana gidan wata malamar makaranta. Duk mai ciki tana zuwa Litinin da Alhamis a auna a rubuta a littafi. Mutum biyu aka gano da ita aka tura asibiti kafin abu ya lalace.

Ungozoma_Sinja
Hawwa, Allah ya yi muku albarka. A tabbata dai ta zauna ta huta minti biyar kafin a auna, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba ta shigo daga rana tana haki a ɗaura mata ba.

Malam_na_Zaure
Ina karantawa tun ɗazu. Abu ɗaya zan ce wa maza. Mace tana ciwon kai da tsakar dare, miji yana Madani ko yana gona a Fashaga, waya ba ta shiga, a ce ba za ta fita ba sai da izininsa. Wannan ba addini ba ne. Ka bar izininka tun kafin ka tafi, ka faɗa gaban mahaifiyarka da babbar murya, ka bar kuɗin mota a hannun wadda za ta raka ta. Neman magani ba ya kore tawakkali.

DanDamazin
Malam, a gidajenmu ai ba miji ne matsalar ba, uwar miji ce. Wa zai iya?

Goggo_Maiwurno
Kai ɗan nan, uwar mijin ce dai za ta kwana a kanta ranar naƙuda, ba kai ba. A daina mayar da mu dodanni. A yi mana bayani kamar yadda Ungozoma ta yi, za mu ji. Abin da ba ma so shi ne yaro ya dawo daga asibiti ya ce an ce, an ce, ba ya iya faɗin dalili.

Sa'adatu_Hawata
Ina so in ƙara wani abu tunda a Gadarif take. Ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba a ƙasar nan. Yayata tana da ciki wata biyar ta yi sati uku tana zazzaɓi, an ba ta maganin maleriya har zagaye biyu, tana ramewa, jini yana sauka, gefen cikinta na hagu ya yi tauri. Kowa ya ce ai ciki ne. Ashe kala-azar ce, cutar da cizon wani ɗan ƙaramin ƙuda yake kawowa, saifarta ta kumbura. Mun yi noma shekaru a wajen kogin Rahad, can ta ɗauko. Kuma allurar da aka saba yi wa sauran mutane ba ita ake yi wa mai ciki ba, akwai wata ta ƙarin ruwa, AmBisome, ita aka sa mata. Ta haihu, yaron ƙarami ne amma yana nan yana gudu. In zazzaɓi ya ƙi jin magani a ce a duba wannan.

Likita_a_Jidda
Sa'adatu ta kawo magana mai nauyi. Gadarif cibiyar kala-azar ce a Sudan. Ga kuma zazzaɓin dengue da ta yi ɓarna a garin a 2023. Shi ya sa mai ciki ba ta shan ibuprofen ko diclofenac don zazzaɓi ko ciwon baya, balle mai hawan jini a watannin ƙarshe, suna taɓa ƙoda suna taɓa yaro. Farasitamol kawai, sai gwaji. Idan ido ya yi rawaya kuma a ruga asibiti, ciwon shawarar da ake ɗauka a gurɓataccen ruwa tana yi wa masu tsohon ciki mummunan kamu, an gani a sansanonin Darfur tun 2004.

DanDamazin
Allurar rigakafin maleriya da aka fara a jihohin Gadarif da Nilu Shuɗi a ƙarshen 2024 fa, ba za a yi mata ba?

Ungozoma_Sinja
Ta ƙananan yara ce. Mai ciki gidan sauro ne nata, sai Fansidar na kariya a yankunan da ake bayarwa, daga wata na huɗu, tsakanin sha da sha wata guda. Ta tambaya a wurin awo.

Amina_mai_sikila
Ni tambayata ga Ummu Hafsa, an taɓa duba ko tana da sikila ko tana ɗauke da ita? A cikinmu Hausawa ba baƙon abu ba ne. Ni ina da ita, haihuwata biyu. Duk inda na je aka ga jinina 7 ko 8 sai a miƙo mini ƙwayar ƙarfe, ni kuwa an sha yi mini ƙarin jini, ƙarfen ya riga ya taru a jikina. Sai na buɗe baki na ce ni mai sikila ce, sannan a janye. Folik asid da nake sha kuma mai miligiram 5 ne, babba, shi kuma yana rage ƙarfin Fansidar, sai da likita ya zauna ya tsara mini. Har gwajin suga na wata uku ba ya faɗin gaskiya a jinina. Na koyi in riƙa bayar da labarina tun daga farko a kowace taga, ko an tambaya ko ba a tambaya ba, ko ma'aikacin ya ɓata rai.

Ummu_Hafsa_Gadarif
Amina, haihuwa huɗu ta yi ba ta taɓa ciwon ƙashi ba, amma zan ce a duba. Katinta na da duk ya tsaya a Madani, ba abin da ta fito da shi. Ko nauyin 'ya'yanta na baya ba ta riƙe ba, ta ce dai na huɗun ƙato ne har ungozoma ta sha wahala.

Likita_a_Jidda
Wannan ƙaton yaron ki faɗa wa likita gobe, alama ce mai yiwuwa sugan ya fara tun wancan cikin. Gwajin da za a yi mata, in ba ta ci komai ba aka samu 92 ko sama, ya shiga layi. Wasu abinci da tafiya bayan cin abinci sun ishe su, wasu sai magani.

Hajiya_Umdurman
Ana ta zancen kati ya ɓata, na tuna kakata. Ungozoma ce da aka horar a makarantar ungozomomi ta Umdurman, wadda aka buɗe tun 1921. Ba ta karatu ba ta rubutu, da shinshina da ɗanɗano aka koya musu gane magunguna. Amma duk matan unguwa a kanta suke, ta san wadda ta yi jijjiga a cikin fari, ta san wadda jini ya ɓalle wa, ta san wadda uwarta ta mutu da kumburi. Yanzu an tarwatsa mu, wadda za ta karɓi haihuwarki yau ta fara ganinki. Ku sayi ɗan littafi na 'yan makaranta, duk abin da aka auna a rubuta da kwanan wata, duk magani a rubuta, a ɗauki hotonsa a waya a tura wa mutum biyu.

Ummu_Hafsa_Gadarif
'Yan uwa mun dawo. Na tafi da inna kamar yadda Goggo ta nuna, da ledojin duka. Likitar ta zazzage su a tebur tana warewa, sai ta ɗaga wani kwali ta ce wa ya ba ta wannan? Ashe captopril ne, na inna ne na hawan jininta, ita ta riƙa ɓallo mata rabi da daddare don tausayi tunda aka ce jininta ya hau. Likitar ta ce wannan ba a ba mai ciki shi sam, yana lalata ƙodar yaro yana ƙafar da ruwan ciki. Kwana shida ta sha. An yi hoto, ruwan yana nan daidai alhamdulillah. Akwai diclofenac ma a ciki, an cire. Fitsari akwai furotin kaɗan, awo 148 bisa 94. An sa ta a methyldopa, an ce awo sau biyu a sati, ranar Lahadi gwajin suga. Ba a kwantar da ita ba. Inna ba ta ce uffan ba har muka hau raksha, sai ta ce a mayar mata da kwalinta.

Zahra_Bortsudan
Allahu akbar. Wadda ta ce magani ya yi yawa ita ce ta ƙara na biyar.

Goggo_Maiwurno
Kada a yi mata dariya, don so ta yi. Da ni ce ma haka zan yi.

Ungozoma_Sinja
Ba dariya Goggo, kullum muna gani. Ummu Hafsa, tunda furotin ya fito, alamomin nan da na lissafa ki rubuta su a bango. Kuma wannan haihuwar ba ta gida ba ce. A asibitin da yake da allurar magnesium ta jijjiga, da jini, da ɗakin tiyata za ta haihu. Ku fara neman masu ba da jini tun yanzu, mutum biyu aƙalla, a san rukuninsu.

Abu_Sadiq_Rabak
To mijin fa? Na ji ana cewa mutane suna ta komawa Madani tun da soja suka karɓe ta a Janairun 2025. In ya ce ta dawo ta haihu a ɗakinta?

Bintu_Madani
Ni ina Madani yanzu. Gari yana farfaɗowa, asibitoci suna aiki, amma wuta tana zuwa tana tafiya, magani yau akwai gobe babu. Mai hawan jini da wata bakwai ta hau wannan hanyar ta Faw a ƙarshen damina? Ni dai da ƙanwata ce ba za ta motsa ba sai ta yi arba'in.

DanDamazin
Arba'in ɗin ma wani zancen ne. Ana sauka za a ɗora ruwan zafi da kunun kanwa.

Likita_a_Jidda
Na ji daɗi da ka taɓo shi. Hawan jinin ciki ba ya tafiya da mabiyiya, ana yin jijjiga bayan haihuwa, musamman a satin farko. Kanwa gishiri ce. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a wurin masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta. Mace mai ƙarancin jini da hawan jini, a ɗura mata kanwa kwana arba'in a gasa ta, zuciyar ba za ta ɗauka ba. Wanka da ruwa mai ɗumi ba laifi. In ta fara haki in ta kwanta, ko tari da dare, ko kumburi ya dawo, asibiti. Sugan kuma a sake gwadawa bayan sati shida.

Goggo_Maiwurno
Likita, na ba ka dabino, na ba ka zoɓo, amma jego ba kanwa? Da me nono zai zo, da me ciki zai koma? Iyayenmu da suka taho da ƙafa daga Sakkwato da shi suka yi jego a hanya.

Hajiya_Umdurman
Goggo, maƙwabtanmu Larabawa madidar hulba suke ba mai jego, nononsu kuma yana zuwa. A yi mata kunun gyaɗa ko na gero ba kanwa.

Goggo_Maiwurno
Wannan kunun marasa lafiya ne.

Amina_mai_sikila
To ai marar lafiyar ce Goggo.

Abu_Sadiq_Rabak
Ni har yanzu tambayar farko ba a amsa mini ita yadda nake so ba. An ce kada a zaɓa. Ummu Hafsa tana cikin gari, tana da waya, ta samu likitar da ta zazzage leda. Matar da ke ƙauye bayan Dindir, cibiya ɗaya, ma'aikaci ɗaya, maganin maleriya kawai ke cikin kabad, ita ai an riga an zaɓa mata.

Ungozoma_Sinja
Haka ne Abu Sadiq, a irin wurin na yi shekaru ina aiki. Abin da nake yi shi ne in ware waɗanda cuta ta haɗu musu biyu ko uku, in ce wa mazansu wata tara na kamawa a kai su gidan dangi kusa da babban asibiti su jira. Wasu suna ji. Wasu sai an ɗauko su a bayan tarakta.

Maryam_Kosti
Salamu alaikum, yanzu na shigo na karanta daga sama. Ni wata shida, an ɗora ni a insulin satin jiya, ga shi wutarmu sai ta kwana biyu ba ta zo ba. Ina zan ajiye shi? Kuma ina shan maganin tarin fuka tun kafin cikin, wanda ya rubuta insulin ɗin bai tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba.

Ungozoma_Sinja
Maryam, ki sa kwalbar a leda ki ɗaure, ki ajiye a jiƙaƙƙen yashi cikin ƙaramin tulu a inuwa, kada ta taɓa ƙanƙara kada ta ga rana. Wadda aka buɗe tana kai wajen wata guda in ba ta sha zafi ba. Maganin tarin kada ki tsayar ko na rana ɗaya. Gobe ki koma wurin wanda ya rubuta insulin ɗin da katin tarin a hannunki. Nawa jininki a awon ƙarshe, kuma suna ba ki bitamin B6 tare da na tarin?

MaiAgashe_Kassala
Ummu Hafsa, maganar masu ba da jini, ni rukunin O ne, ƙanena ma O, yana nan Gadarif wajen kasuwar amfanin gona. In lokaci ya yi ki yi mini magana ta gefe in turo shi.